Hanyar Birnin Kudu zuwa Kiyawa ta Sundimina: Tarihinta da Matsayinta a Kudancin Jigawa

Gabatarwa

Idan ana maganar tarihin ƙasa, abin da ya fi saurin zuwa zukatan mutane shi ne sarakuna da yaƙe-yaƙe da ganuwa da ƙofofinta. Ba kasafai ake tunawa da hanya ba, alhali kuwa ta kanta sarki ya bi ya fita yaƙi, ta kanta falke ya kai hajarsa kasuwa, ta kanta aka kai amarya ɗakin mijinta, kuma ta kanta ake ɗaukar majinyaci zuwa asibiti a yau. Wannan maƙala za ta duba wata gajeriyar hanya ce ta Gwamnatin Jihar Jigawa, wato wadda ta tashi daga Birnin Kudu ta ratsa Sundimina ta faɗa Kiyawa, wadda jama'a suka fi sani da hanyar Sundimina.

Abin da ake son nuna wa mai karatu shi ne, darajar hanya tana tafiya ne da inda jama'a suka sa gaba. Shekaru aru-aru mutanen wannan yanki Kano suke fuskanta wajen mulki da ciniki da shari'a, saboda haka hanyoyin da suka nufi Kano su ne suka samu gata. Ranar da aka mayar da Dutse babban birnin jiha a 1991, sai fuskar tafiya ta juya, hanyoyin da a da ake ɗauka na ƙauye suka zama na dole. Hanyar Sundimina tana cikin irin waɗannan, kuma tarihinta ya isa ya zama darasi ga malaman makaranta da dattawa da duk mai son sanin yadda ƙasarmu ta kai ga halin da take ciki.

Inda hanyar ta bi

Kudancin Jihar Jigawa yana tsakanin manyan hanyoyin Gwamnatin Tarayya guda biyu. Ta farko ita ce wadda ta fito daga Kano ta bi ta Wudil da Kwanar Huguma ta iso Birnin Kudu, tafiyar kimanin kilomita 130, sannan ta wuce ta ƙasar Gwaram ta shiga Jihar Bauchi har zuwa Kari. A taswira ana ba ta lamba A237. A kanta ne, a Babaldu, wata hanyar ta ɓalle ta yi kudu zuwa Ningi da Bauchi. Ta biyu kuwa ita ce wadda ta bi ta Shuwarin kusa da Dutse, ta ratsa Kiyawa, ta nufi Jama'are da Azare da Potiskum har Maiduguri. Waɗannan hanyoyi biyu duk daga Kano suka taso, suna tafiya suna ƙara nisa da juna kamar cokali mai yatsu biyu.

Hanyar Sundimina ita ce ta ɗinke tsakaninsu. Daga Birnin Kudu ta yi arewa maso gabas, ta ratsa gonaki da ƙauyuka da rugagen Fulani, ta bi ta Sundimina, wanda gari ne kuma mazaɓa a Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, sannan ta shiga ƙasar Kiyawa ta haɗu da babban titin Azare. Tsawonta bai cika kilomita 50 ba. Mai mota a kan kwalta mai kyau zai gama ta cikin ƙasa da sa'a guda, amma mai jaki a da sai ya kwana a hanya.

Yanayin ƙasar da ta ratsa ma abin lura ne. Wajen Birnin Kudu da Gwaram ƙasa ce ta duwatsu da marmara da jar ƙasa, ruwan samanta ya fi na arewacin jihar yawa, ga kuma koramu da rafuka masu gangarawa gabas zuwa kogin Jama'are, wanda a samansa ake kira Bunga. Mutum yana ƙara yin arewa duwatsun suna raguwa, yashi yana ƙaruwa, har a kai ga jigayin da jihar ta samo sunanta daga gare su. Da yake ruwan yankin gabas yake gangarawa, ita kuwa hanyar arewa ta nufa, dole ne ta riƙa gittawa ta kan magudanan ruwa. Wannan shi ne babban ƙalubalenta tun tana turba har ta zama kwalta.

Jama'ar da hanyar take yi wa hidima ba kaɗan ba ne. A ƙidayar 2006 Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu tana da fiye da mutum 300,000, Gwaram fiye da 270,000, Kiyawa kuwa fiye da 170,000, a jihar da jimillar mutanenta ta haura miliyan 4. Dukkan ƙananan hukumomin uku suna cikin Masarautar Dutse, tare da Buji da Jahun da Miga da ita kanta Dutse.

Kafin zuwan mota

Zaman ɗan Adam a wannan yanki tsoho ne ƙwarai. Shaidar haka tana nan a duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen da suka zana hotunan shanu a jikin kogo. Masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazarin waɗannan zane-zane a shekarun 1950, kuma a nan ne ya ci karo da duwatsu masu amo kamar ƙararrawa idan an buga su, waɗanda ya bayyana wa duniya a rubuce a 1956. Shanun da aka zana marasa tozo ne, ba irin waɗanda ake kiwo a yankin yanzu ba. Duk inda aka samu shanu kuwa akwai burtali da mashaya, ke nan tun kafin a san da fatauci, kofaton dabba ya riga ya fara shata hanya a wannan ƙasa.

Hanyoyin karkara irin ta Sundimina galibi daga turbar ƙafa suka samo asali. Turba takan bi tudu ta kauce wa fadama da damina, ta nemi mashigi mai sauƙi a rafi, ta bi ta inda ake da rijiya da inuwar tsamiya ko kuka, sannan ta haɗa kasuwar wannan rana da ta waccan rana. Fatake masu jakuna da takarkarai sukan yi ayari a ƙarƙashin madugu, su yada zango a bayan gari, su biya kuɗin fito inda ruwa ya cika. Daga gabas kanwa da gishiri da busasshen kifi ke zuwa, daga Kano kuma tufafi da kayan ƙira da na dukanci, su kuwa mutanen yankin su fitar da hatsi da auduga da dabbobi.

A wancan zamani Birnin Kudu da Dutse da Gwaram duk suna ƙarƙashin Kano ne. Sarkin Kudu da Sarkin Dutse suna cikin manyan masu riƙe da ƙasa a masarautar, kuma kowannensu Kano yake kai gaisuwa da haraji kai tsaye. Saboda haka babbar hanyar kowane gari ita ce ta birni, wadda ke haɗa shi da maƙwabcinsa kuwa ta 'yan kasuwa ce da masu ziyarar dangi.

A ƙarni na 19 tsaro ya zama babban abin da ke hukunta tafiya a kudu maso gabashin Kano. Wajen tsakiyar shekarun 1840 Malam Hamza ya bar Tsakuwa da jama'arsa saboda saɓani a kan haraji, suka shiga duwatsun Ningi. Daga nan magadansa, irin su Abubakar Ɗan Maje da Haruna Ƙarami da Ɗan Yaya, suka yi ta kai hari ƙasashen Kano da Bauchi da Zazzau. Birnin Kudu da Gwaram suna bakin iyaka, don haka su ne suka fi jin jiki. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya sha fita da kansa zuwa wannan fuska. A irin wannan hali mutane sukan tattaru ne a garuruwa masu ganuwa, a noma kusa da gari, tafiya kuma sai cikin ayari. Dajin da ke tsakanin garuruwa kariya ne ta wani ɓangare, don haka ba wanda ke ɗokin share shi ya buɗe wa mahara hanya.

Zamanin Turawa da En'e

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Cikin 'yan shekaru suka tsara ƙasar gunduma-gunduma, aka umarci hakimai su zauna a gundumominsu, aka kafa baitulmalin En'e. Harin Ningawa ya ƙare, mutane suka fara fita daga cikin ganuwa suna saran daji suna kafa ƙauyuka da gidajen gona. Yawancin ƙananan ƙauyukan da matafiyi ke gani a gefen hanyoyin kudancin Jigawa albarkacin wannan zaman lafiya ne suka yawaita.

Baturen mulki yana bukatar hanya saboda abu biyu: rangadi da tara haraji. Da farko a kan doki Di'o yake zagaya ƙasa, yana sauka a bariki, saboda haka aka ɗora wa hakimai da dagatai nauyin share hanya da zarar ruwa ya ɗauke. Kowane ƙauye da iyakar inda zai gyara. Dagaci ya aika wa masu unguwanni, su kuma su fitar da majiya ƙarfi da gatari da fartanya da kwando, a sare kututture, a cike rami, a jera itace da kara a kan rafi a zuba ƙasa. Ba a biyan ko anini a kan mafi yawan wannan aiki, shi ya sa dattawa suka riƙa kiransa aikin tilas. Sai bayan da ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar hana aikin tilas a 1930 aka fara rage shi sannu a hankali, En'e ta koma ɗaukar leburori da lada.

Abin da ya sauya lissafi gaba ɗaya shi ne jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Nan da nan gyaɗa ta zama kuɗi. Manomi yana bukatar tsabar kuɗi don biyan haraji, kamfanonin Turawa da attajiran Kano kuma suna bukatar gyaɗa, sai aka kafa wuraren awo a manyan garuruwa, Birnin Kudu na cikinsu. Daga ƙauyuka jaki ke kawo buhu zuwa wurin awo, daga nan lori ya kwashe zuwa Kano inda ake gina dalar gyaɗa kafin jirgi ya kai ta Legas. Mai karatu zai lura cewa wannan tsari ya ƙara ƙarfafa tsohuwar al'ada ne: duk hanyar da za a kashe wa kuɗi, wadda ta nufi Kano ce, domin can tashar jirgi take.

A wannan zamani ne aka raba hanyoyin ƙasar nan aji-aji. Akwai na gwamnatin tsakiya, akwai na lardi ko jiha, sannan akwai na En'e. Waɗanda suka haɗa manyan birane su ne suka fara samun burji da gadoji na siminti, daga baya kwalta. Na En'e kuwa mafi yawansu hanyoyin rani ne, da zarar damina ta kankama mota ta daina bi sai kaka. Ko a kan hanyar burji akan sa shinge bayan an yi ruwa mai yawa, a tsayar da manyan motoci har ƙasa ta sha iska, don kada tayarsu ta kwaɓe hanyar. Akwai kuma leburorin hanya da ke zaune a sansani, kowane rukuni da milolin da yake kula da su, kullum suna cike ramuka suna yashe lambatu. Kayan aikinsu ba su wuce shebur da diga da baro ba, amma da yake kullum suna kan hanyar, ɓarna ba ta girma kafin a tare ta.

Daga Jihar Kano zuwa Jihar Jigawa

An ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu, 1967, Audu Bako ya zama gwamnanta na farko har zuwa 1975. Shekarun nan sun zo da sauye-sauyen da suka shafi kowane matafiyi. Ranar 2 ga Afrilu, 1972 aka yi canjin hannu, motoci suka koma bin dama. A watan Janairu na 1973 naira da kobo suka maye gurbin fam da sule, sannan a hankali kilomita ta kori mil daga jikin duwatsun gefen hanya. Kuɗin man fetur ya yawaita, har a tsakiyar shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta karɓi hanyoyi da dama daga hannun jihohi. Sai dai a daidai lokacin ne fari na 1972 zuwa 1974 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka karya kasuwar da ta haifi hanyoyin tun farko. Gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya kawo ƙarshen En'e, nauyin hanyoyin karkara ya koma kan ƙananan hukumomi, waɗanda sau da yawa kuɗinsu ba ya wuce albashi.

An yi ƙoƙarin cike wannan giɓi ta hanyar hukumomi na musamman. A farkon shekarun 1980 aka kafa KNARDA, hukumar raya aikin gona da karkara ta Jihar Kano, wadda ta yi hanyoyin burji da rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa DFRRI don samar da abinci da hanyoyi da kayan more rayuwa a karkara. Daga baya a zamanin Janar Sani Abacha aka yi asusun PTF, wanda Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta har aka rushe shi a 1999. Kowace daga cikinsu ta bar aikinta a ƙasa, sai dai matsalarsu ɗaya ce: sukan gina su tafi, ba a bar wanda zai ci gaba da kula da abin da aka gina ba.

Ranar 27 ga Agusta, 1991 aka cire Jihar Jigawa daga Kano, aka ajiye hedikwatarta a Dutse. Kanar Olayinka Sule ne ya fara riƙe ta, sannan a Janairu 1992 Barista Ali Sa'adu Birnin Kudu ya zama zaɓaɓɓen gwamna na farko. Waɗanda suka yi aikin gwamnati a lokacin ba za su manta da halin da aka shiga ba. An wayi gari ma'aikatu sun koma garin da ba shi da isassun ofisoshi da gidaje, kuma sabuwar jihar ta gaji hanyoyin da kusan dukkansu Kano suka nufa. Daga wasu ƙananan hukumomin, kafin mutum ya isa Dutse sai ya fita daga jihar ya ratsa ƙasar Kano sannan ya dawo. Mutumin Birnin Kudu ma da ke bin kwalta zuwa Dutse ta Kwanar Huguma, sai ya taka ƙasar Takai ta Jihar Kano. Haɗa ƙananan hukumomi 27 da masarautu biyar, wato Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, ya zama aikin da kowace gwamnati ta tarar a gabanta, tun daga ta Ibrahim Saminu Turaki (1999 zuwa 2007), da ta Sule Lamido (2007 zuwa 2015), da ta Muhammad Badaru Abubakar (2015 zuwa 2023), har zuwa ta Malam Umar Namadi da ta hau a 2023.

A nan ne hanyar Sundimina ta samu sabon matsayi. Ita ce ta haɗa kudancin Masarautar Dutse da tsakiyarta ba tare da an fita daga jihar ba, domin daga Kiyawa zuwa Dutse ba nisa. Wani abin kuma ya ƙara mata muhimmanci. A da mai zuwa Maiduguri daga Kano ta Birnin Kudu da Kari yake bi zuwa Potiskum, amma daga baya matafiya da yawa suka koma bin ta Dutse da Azare, kuma wannan ce Gwamnatin Tarayya ta bayar da kwangilar mayarwa tagwaye a 2006. Da babbar zirga-zirgar gabas ta karkata can, sai mutanen Birnin Kudu suka ƙara bukatar gajeriyar hanyar da za ta sada su da ita. Bayan da hanyar ta lalace ta zama abin kuka ga direbobi da fasinjoji, gwamnatin Malam Umar Namadi ta sake gina ta.

Abin da hanyar take ɗauka

Wanda ya tsaya a bakin wannan hanya da kaka zai ga tattalin arzikin yankin yana wucewa ta gabansa. Gero da dawa da wake da gyaɗa na nan kamar da, amma yanzu riɗi da zoɓorodo sun zama amfanin da ake fitarwa har ƙasashen waje, kuma Jigawa tana sahun gaba wajen noma su. Akori-kura da babura da amalanken shanu ke kwaso su daga ƙauyuka zuwa manyan kasuwanni irin su Sara a ƙasar Gwaram da Shuwarin a ƙasar Kiyawa, inda manyan motoci ke jira. Lissafin a bayyane yake: idan hanya ta lalace direba yakan ƙara kuɗin buhu saboda gyaran mota da ɓata lokaci, ɗan kasuwa kuma ya cire wannan ƙari daga farashin da zai ba manomi. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowace kilomita da aka rage a tafiya kuɗi ne a aljihun talaka.

Ba kaya kaɗai hanyar ke ɗauka ba. A Birnin Kudu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, ga kuma tsohuwar Kwalejin Gwamnati da ta yaye fitattun mutane, cikinsu har da Alhaji Aliko Ɗangote. A ɗaya ɓangaren, Dutse tana da sakatariyar jiha da fadar sarki da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Mace mai naƙuda da ta gagara a gida, da malamin da aka tura makarantar ƙauye, da ɗan fansho mai bin haƙƙinsa, duk wannan hanya suke bi. Malaman makaranta sun fi kowa sanin cewa makarantar da ke bakin kwalta ta fi samun malamai masu zama da masu duba aiki fiye da wadda sai an tuɓe takalmi an ratsa ruwa kafin a isa.

Hanya kuma tana jan gari zuwa gare ta. Misali na kusa shi ne Gwaram, inda ake da Tsohuwar Gwaram mai daɗaɗɗen tarihi, da kuma Sabuwar Gwaram da ke bakin babban titi, wadda ita ce hedikwatar ƙaramar hukuma. Haka abin yake a ƙananan garuruwa: tasha da shaguna da masu faci da masu shayi sukan koma bakin kwalta, sababbin gidaje su bi su, tsohon cikin gari ya zama na dattawa.

Abin da ke kashe hanya

Ana gina hanyar kwalta ne hawa-hawa. A share ƙasa, a ɗaga ta sama da gonakin gefe, a zuba marmara a jiƙa a danne da rola, a ƙara wani hawan, sannan a shimfiɗa kwalta. Ƙarfin hanyar yana cikin wannan ƙasa da aka danne ne, ita kwalta aikinta ta hana ruwa shiga. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar kwalta ta tsage, ruwan Agusta ya shiga ya jiƙa marmara, mota ta taka, sai ɗan rami ya buɗe, kafin damina biyu ya zama kududdufi.

Abu na biyu shi ne kwalbati. An riga an faɗa cewa wannan hanya tana gitta magudanan ruwa. Idan yashi da kara da leda suka toshe kwalbati, ruwa zai taru a gefe guda, ya haura kan kwalta ko ya ci ƙarƙashinta har ya yanke ta. Illar haka ba ta tsaya ga dukiya ba. A watan Agusta na 2021 ruwa ya karya wata gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, wata motar fasinja ta auka ciki, mutum 21 suka rasu. Ambaliyar 2022 ma ta yanke hanyoyi da gadoji a sassa da dama na jihar.

Abu na uku shi ne lodi fiye da ƙima. Gwajin da injiniyoyi suka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa hanya takan ninku kusan sau 16. Ke nan tirela ɗaya da aka danƙara wa kaya ta fi dubban ƙananan motoci cin hanya. Gajeriyar hanya mai haɗa manyan tituna biyu kullum tana cikin wannan haɗari, domin da zarar ta yi kyau direbobin manyan motoci za su mayar da ita yanke.

Akwai kuma laifin da yake namu. Wasu na noma har bakin kwalta su cinye kafaɗar hanya, wasu na ɗiban yashi a gindin gada, wasu na zubar da shara a lambatu, wasu kuma su fasa kwalta don shimfiɗa bututu su bar wurin a buɗe. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar FERMA a 2002 don gyaran hanyoyinta, Jihar Jigawa ma tana da tata hukumar mai suna JIRMA, amma babu hukumar da za ta iya tsare kowane kwalbati idan mutanen da ke kwana kusa da shi ba su ɗauke shi nasu ba.

Kammalawa

An ga yadda wannan hanya ta taso a ƙasar da burtali da turbar fatake suka fara shatawa, yadda tsaro ya taƙaita tafiya a ƙarni na 19, yadda gyaɗa da jirgin ƙasa suka karkatar da kuɗin hanya zuwa Kano, da yadda ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ya ɗaga darajarta. An kuma ga cewa a duk zamanin da aka samu mai kula da hanya kullum, ko da da shebur da baro ne, takan daɗe, a zamanin da aka gina aka juya baya kuwa sai a sake kashe kuɗin da ya ninka na gyara. Rigakafi dai ya fi magani.

Saboda haka akwai shawara ga ɓangarori uku. Ga hukuma, a ware kuɗin gyara a kasafin kowace shekara, a yashe kwalbatoci kafin ruwan farko, a kuma sa ido a kan lodin manyan motoci. Ga hakimai da dagatai da masu unguwanni, su farfaɗo da aikin gayya na son rai don share magudanan ruwa, su hana noma da gini a kafaɗar hanya. Ga malaman makaranta kuwa, wannan hanya aji ce a buɗe. A fita da ɗalibai su zana taswirarta, su ƙirga gadoji da kwalbatocin da ke yankinsu, su zauna da tsofaffin direbobi da leburorin hanya da 'ya'yan fatake su rubuta sunayen zanguna da mashigai da tsofaffin kasuwanni, a ajiye a makaranta, a aiko da kwafi ga hukumar adana tarihi. Dattawan da suka ga hanyar tana turba, suka gan ta tana burji, suka kuma gan ta da kwalta, suna raguwa kowace shekara, don haka aikin ba na jira ba ne.